A hana awon igiya ko a gyara shi? Muhawarar 'yan wani gari a hanyar Gezawa

Injiniya:
Assalamu alaikum jama'a. Kowa ya ga turakun da suka fara bayyana a gonakin yamma da gari, ɓangaren da ke kallon Kano. Abin da ya cinye gonakin Tokarawa da Gunduwawa, ya taɓa Jogana, shi ne ya iso mana. Matsayina a fili yake: a hana awon igiya ɗungurungum, wato yanka gona fuloti-fuloti da igiya ba tare da izinin hukuma ba, kada wanda ya ƙara yanka gona sai da taswirar da hukumar tsara birane ta KNUPDA ta sa wa hannu. Gosulon da ake sha a titin Haɗeja daga Yankaba zuwa cikin gari, tushensa yana cikin unguwannin da aka yanka da igiya. Babu titin da ya ratsa su ya haɗa wannan da waccan. Mai son zuwa unguwar da ke maƙwabtaka da tasa sai ya fito babban titi, ya yi gaba, ya juyo, ya sake shiga. Tafiyar da ba ta shafi titin Haɗeja ba ta zama nauyi a kansa. Ku ninka wannan da dubban gidaje.

Alhaji Dillali:
Wa alaikumus salam. Injiniya, ƙanena, ka faɗi wanda za a hana, ba ka faɗi inda za a kai mutanen ba. Lebura, mai tura kurar ruwa, malamin firamare, mai gyaran babur, a ina suka taɓa samun fili in ba a awon igiya ba? A nan ne ake sayar wa mutum ƙafa 50 da 50, ko rabinsa, ya biya kashi uku ko huɗu, a rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, washegari ya kawo tifar yashi. Awon gwamnati kuwa sai a shekara nawa ba a fitar ba, in an fitar masu hanya su kwashe, su dawo su sayar wa talakan da ninki. An gina rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015, tituna shimfiɗe, magudanan ruwa tsaf. Gidaje nawa ne a ciki suka daɗe ba kowa, alhali a Rimin Kebe ana kwana shida a ɗaki?

Safiyo:
Kafin a yi nisa bari a ga girman abin da ake faɗa a kansa, don yana da lissafi. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce. Fulotin 50 da 50 yana cin 2,500. In ba a bar hanya ko ɗaya ba, fuloti 17 ke nan. Mai awon igiya yana jera fuloti baya da baya, ya bar lungu mai ƙafa 10 tsakanin layi da layi, ya tashi da 14 ko 15. In aka bar titi mai ƙafa 30, sai a tashi da kamar 12. Ke nan rigimar duka a kan fuloti uku ce a kowace eka. Su ne ribar da mai yanka ba ya son saki.

Abin da ukun nan suke jawowa kuma ga shi. Faɗin tifa ko motar kashe gobara ya kai ƙafa 8. Lungun ƙafa 10 ba ya zama 10, domin kowane gida zai fito da dakali, ya haƙa shadda a waje, a kafa turken wutar lantarki, a ja kwata a tsakiya. Abin da ya rage ƙafa 5 ko 6. Motar kwasar masai ba ta shiga, a daidaita sahu biyu ba sa giftawa, akwai kusurwar da makara ba ta juyawa sai an ɗaga ta sama da katanga. Ga kuma matsalar igiyar kanta: tsawonta yana canzawa in ta jiƙe ko ta tsufa, kuma kowane mai gona daga iyakarsa yake fara awo. Iyakar gona kuwa ba a miƙe take ba, gamba ce da aduwa da tsohuwar turba. Shi ya sa lungun wannan gona yake zuwa ya ci karo da bangon gida a gonar gaba.

Alhaji Dillali:
To ai ka ga ni. Uku cikin goma sha biyar kashi 20 cikin 100 ne. Mai gona ba zai yafe ba, kan sauran 12 ɗin zai ɗora. Wanda ya tara kuɗin fili da ƙyar sai a ce masa ya ƙaro.

Safiyo:
Zai ƙaro, Alhaji, amma kai ka fi kowa sanin bambancin kuɗin fulotin bakin titi da na ƙuryar lungu.

Barista:
Ina da gyara ga ɓangarorin biyu. Injiniya, hanin da kake nema ai yana nan a rubuce tun tuni. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da shaidar mallaka. Inda ba birni ba, ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin zama na gargajiya. Sayarwa ko jinginarwa kuma sai da amincewar hukuma. Ga dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 a kai. Duk da haka aka gina rabin Ungogo da Kumbotso da igiya. In ka ƙara wani hanin, cinikin ba zai tsaya ba, zai koma dare ne, a daina ma zuwa wurin mai unguwa.

Kuma a duba abin da ke sa manomi gaggawa. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum saboda amfanin jama'a. Sashe na 29 ya ce diyyar ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta yi awo a yankinsu ya san abin da zai samu shi ne kuɗin gero da 'yan mangwarori, sai kuma fulotin ƙofa da aka saba ba masu gona a Kano, in rabon ya zo masa daidai. Sai ya riga su, ya kira dillali. Tsoron awon gwamnati yana cikin manyan abubuwan da ke haifar da awon igiya.

Alhaji, kai kuma kada ka ɓoye wa masu saye cewa takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai. Asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cirar wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashi, yana ba da rance da ruwan kashi 6 har tsawon shekara 30, amma ba a karɓar irin wannan takarda jingina. Malamin firamaren da ka ambata ana yankar masa kuɗin, ba zai iya cin moriyarsu a filin da ka sayar masa ba.

Injiniya:
Barista, in doka ba ta aiki sai a sa ta yi aiki, ba a ce tunda ana karya ta a bar ta ba. Tun tsarin Trevallion na 1963 zuwa 1983 ake zana wa Kano inda tituna za su bi. Da an tsare hanyoyin da aka zana, da ba a kashe biliyoyi a kan gadojin sama ba. An yi ta Ƙofar Nasarawa, an yi ta Dangi, an yi ta Hotoro. Gada tana warware mahaɗa ɗaya, ta kwashi motocin da gudu ta zube su a mahaɗa ta gaba. Ba ta ƙara hanyar da babu.

Ciyaman na tasha:
Injiniya ya yi gaskiya a kan gada, amma ya ɗora wa awon igiya laifin da ba nasa kaɗai ba. Mu da muke kan titin nan muna ganin abu uku. Na farko, abin hawan kansa. Tun da aka hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, a daidaita sahu ta zama ita ce motar gari. Mutum 60 suna buƙatar guda 15, in an ɗauki huɗu-huɗu. Doguwar bas ɗaya ta ishe su. Sha biyar ɗin nan kuma kowace tana tsayawa inda fasinja ya ɗaga hannu, galibi a daidai bakin mahaɗa, don nan mutane ke fitowa. Titi mai layi biyu ya koma layi ɗaya.

Na biyu, sauke kaya. Tirela mai tan 30 buhu 600 na siminti take ɗauka. In ta tsaya a gaban shago a gefen titi, sai an sauke su ɗaya-ɗaya a ka, awa biyu ko uku layi guda a rufe. Shagon kuma an gina shi ne har bakin kwalta, ba wurin da za ta raɓa.

Na uku, ku dubi titin kewaye na gabas, wanda ya haɗa hanyar Zariya da ta Maiduguri da ta Haɗeja. An yi shi don manyan motoci su kauce wa gari. Yau gari ya haɗiye shi, gidan mai da gareji da shago kowanne da ƙofarsa a kan kwalta. Da yawansu kuwa da takardar gwamnati aka gina su. In za a bar sabon titi a garinmu, a bar masa ƙaramar hanya a gefe wadda shaguna za su buɗe a kanta, a shiga babban titin ta wurare ƙidayayyu, kuma a ware filin tasha da na sauke kaya tun yanzu, nesa da mahaɗa da aƙalla mita 100.

Wani abin kuma da masu sayen fili a nan ba sa lissafawa: mai aiki a Kantin Kwari ko Singa mota biyu zai hau zuwa, biyu dawowa. A kwana 26 na aiki hawa 104 ke nan a wata. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan kuɗin yana iya kamo hayar ɗaki a cikin gari. Fili mai arha ne, zaman ne da tsada.

Ɗalibi:
Ina neman afuwar manya. Layin dogon Kano zuwa Nguru ai ta Jogana ya bi. Me zai hana a sa jirgin safe da yamma ya ɗebi ma'aikata?

Injiniya:
Tunani mai kyau, ƙanena. Layi ɗaya ne tal, tsohon ƙaramin layi, jirgi biyu ba sa giftawa sai a tasha mai layin kauce. Jirgin ma'aikata yana son tashi duk minti 20 ko 30, ka ga sai an ƙara layi na biyu da shinge da masu tsaron mararraba. Zai yiwu ne kawai in ba a gine gefen layin ba, wanda ya sake dawo da mu kan maganata.

Sarkin Magina:
Yara, ku bar ni in faɗi ta wajen gini, don a nan talaka yake asarar da ba ya gani. Ba wanda ke gina gida a awon igiya rana ɗaya. Katanga tukuna, sai ɗaki ɗaya da banɗaki, a tare, sauran a bi a hankali. Ɗakin ƙafa 12 da 12 yana cin bulo wajen 400 har linta da abin da ke samanta. Buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 na inci 9 ba, ko 40 na inci 6. Masu bugawa suna kai shi 50 har 60, kuma ba sa ba shi ruwan kwana bakwai. Irinsa in ka murza da yatsa sai ya zube. Wannan ɗaya.

Babbar ita ce tsayin daɓe. Mai gida yana zuba harsashi daidai da ƙasar gona, don ya rage bulo da ciko. Bayan shekara goma a zo yin titi, a zuba burji, a danne, a sa kwalbati, titi ya tashi ƙafa ɗaya da rabi ko biyu. Gida ya koma rami. Ruwan sama na farko ta zaure zai shiga, gishirin ƙasa ya hau bango, filasta ta fara kwaɓewa daga ƙasa. Duk wanda zai yi gini inda ba titi tukuna, ya ɗaga layi uku na bulo sama da ƙasa, ya cike da jar ƙasa yana dannewa kowane inci 6, ya shimfiɗa leda kafin ya zuba daɓe. Amma wa zai gaya masa inda titin zai tsaya in ba a kafa alamar tsayinsa ba? Shi ya sa nake tare da Safiyo a kan a fitar da titi tun farko.

Sai kududdufi. A da kowace unguwa da nata, daga nan aka ɗebi ƙasar gini, can kuma ruwan damina yake taruwa. Yanzu ana cike su da bola a yanka. Bola tana ruɓewa ta zauna, gini ya tsage daga kusurwar taga. Ruwan da aka kora kuma gidan maƙwabci zai nema. Fadamar arewa da gari da kududdufan nan biyu, ko da wane irin awo, kada a taɓa su.

Injiniya:
Baba, a ƙara da rijiya. Tsakanin masai da rijiya ana son mita 30, kusan ƙafa 100. A fulotin ƙafa 50 ba yadda za a yi, ko ka nisanta naka, na maƙwabcinka yana jikin katangarka. Wannan kaɗai ya isa hujjar hana ƙananan fuloti.

Sarkin Magina:
A'a ɗana, hujjar hana rijiya a kowane gida ce. A ware fuloti ɗaya a tudu, a haƙa burtsatse mai aiki da hasken rana, a ɗora tanki, a ja famfo bakin kowane layi. Ƙafa 30 da 60 tana ɗaukar zaure, ɗaki biyu, kicin, banɗaki da tsakar gidan da za a yi shanya. Ku ƙanƙanta filin yadda talaka zai iya, ku faɗaɗa hanyar. Awon gwamnati ya saba yin fuloti 50 da 100 ko fiye, shi ya sa yake fin ƙarfin mutane.

Malam:
Akwai abin da ba a taɓo ba, shi ne gado. Yawancin gonakin nan ba mai su ɗaya ba. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya goma sha, a fitar wa matan da tumuni, a raba saura namiji rabo biyu mace ɗaya. Gonar eka huɗu ta koma ƙyalle-ƙyalle, kowa ya sayar da nasa ranar da buƙata ta kama shi, ga dillali daban. Wa zai bar hanya a cikin rabon da bai fi fuloti biyu ba? Gyaran shi ne a fitar da hanya kafin a raba, da yardar magada, kamar yadda ake fitar da bashi. Kuma shari'a ba ta bar maganar hanya ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa in an yi saɓani a kan hanya a sanya ta kamu bakwai.

Alhaji Dillali:
Allah ya gafarta Malam, kamu bakwai ai ƙafa 10 da ɗoriya ne. Ashe dai lungunmu yana kan sunna.

Malam:
Kada ka yi mini fashin baƙi, Alhaji. Malamai sun bayyana cewa an yi ƙiyasin ne da abin da ke bin hanyar, raƙumi da kayansa ya shiga ya fita. Inda buƙata ta fi haka, a ƙara. Abin da ke bin hanya yau tifa ce.

Wakilin Dagaci:
Na karanta duka. Abin da ke hannun dagaci da masu unguwanni shi ne hatimi. Ba su da ikon hana mutum sayar da gonarsa, ba su da ikon ba da shaidar mallaka. Za su iya cewa ba za su shaida cinikin da bai bar hanya ba, in hakimi da ƙaramar hukuma sun tsaya a bayansu, in kuma duk masu unguwannin sun yi baki ɗaya. In ɗaya ya karya, shi ke nan, can kowa zai tafi. Amma ku gaya mini faɗin da za a ce, da inda za a bi.

Safiyo:
Ranka ya daɗe, mataki biyu ne. Manyan tituna tukuna: faɗin mita 30, ɗaya duk bayan kilomita ɗaya, gabas da yamma, kudu da arewa. Haka ba gidan da zai fi mita 500 daga inda bas za ta bi. Abin da suke ci kashi 6 cikin 100 ne na ƙasar. Ba sai an zuba kwalta yanzu ba. A auna da na'ura, a kafa turakun siminti duk mita 50 da alamar tsayin titi a jikinsu, a dasa darbejiya a gefe biyu don turke ana tuge shi da dare, a bar mai gona ya ci gaba da shuka gyaɗarsa a ciki, gini kawai aka hana. An yi irin wannan a garuruwan Habasha kamar Hawasa da Adama. Sannan a kiyaye na tarayya: babbar hanya mita 45.72 daga tsakiyarta kowane gefe, layin wuta mai kilobolt 132 mita 15 kowane gefe, mai 33 kuma mita 5.5. Titunan cikin unguwa ƙafa 30, kuma dole bakin kowanne ya haɗu da na gonar gaba.

Barista:
Ga inda zai karye. Kashi 6 ɗin a kan kowa ne a takarda, a ƙasa kuwa a kan mutum biyar ko shida zai faɗa. Gonar eka ɗaya kamar mita 64 da 64 ce. Titin mita 30 in ya ratsa ta ya ɗauke kusan rabi. Maƙwabcinsa bai rasa taku ɗaya ba, ya wayi gari da filin bakin titi. Wanda aka cinye wa gona kotu zai tafi, kuma yana da gaskiya.

Safiyo:
Shi ya sa mataki na biyu: a haɗa gonakin yanki guda a auna su tare, a rubuta girman ta kowa. A fitar da tituna, makaranta, maƙabarta, masallaci, filin ruwa da na tasha, wajen kashi ɗaya cikin uku. Kowa a mayar masa da kashi biyu cikin uku na abin da ya kawo, a matsayin fuloti, kusa da inda gonarsa take gwargwadon hali. Mai eka uku ya karɓi fulotin eka biyu, ko titi ya bi ta kansa ko bai bi ba. Da wannan dabarar aka samu filin titin zobe mai kilomita 76 a Ahmadabad ta Indiya. Sai a kai taswirar KNUPDA da hukumar rajistar filaye ta KANGIS a nemi amincewa, don kowa ya iya neman takardarsa daga baya.

Injiniya:
Wannan ai ba awon igiya ba ne kuma, shi ne hanin da na nema da wani suna. Sharaɗina ɗaya: kada a sayar da fuloti ko ɗaya kafin amincewar ta fito.

Alhaji Dillali:
Nan ne ba za mu shirya ba. Mai aurar da 'ya bayan sallah ba zai jira fayil ya gama yawo a ofis ba. A bar shi ya sayar da zarar an kafa turaku. Kuma mita 30 ta yi yawa a ƙauye, 18 ta isa.

Ciyaman na tasha:
Ba ta isa ba, Alhaji. Layi huɗu na mita 3.5 sun ci 14. Magudana biyu sun ci 2. A cikin 2 da suka rage za ka sa masu tafiya a ƙasa, turakun wuta da wurin tsayawar bas?

Wakilin Dagaci:
Za a kai wa dagaci maganar mita 30 da ta haɗa gonaki. Safiyo, yaushe za a iya awon?

Safiyo:
Da an gama yankan dawa, ranka ya daɗe, lokacin iyakoki suna fitowa sarai kuma kafin cinikin rani ya buɗe. Ina buƙatar sunayen masu gonakin yamma, da na magada inda ba a raba ba, da mutum biyu daga kowace unguwa da suka san iyakoki.

Alhaji Dillali:
A sa da gonaki ukun da aka riga aka yanka a bakin hanya. An sayar da fiye da rabinsu, mutum huɗu sun zuba harsashi, kuma duk inda kuka ja titin gabas da yamma ta cikinsu zai fita kwalta. Waɗannan ba su da gonar da za a rage musu kashi ɗaya cikin uku. Wa zai ba su wani filin, kuma wa zai biya bulon da ke ƙasa?